Kwalin da ƙanena ya hana a buɗe

Allah ne masanin gaibu, ni abin da idona ya gani zan faɗa. Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ƙanena ya dawo garinmu Tawa daga ci-rani a Abijan, gab da damina. A yankinmu na Adar, wanda ya dawo daga Kurmi, wato ƙasashen bakin teku, gaban uwarsa yake kwance kaya, a raba tsaraba, dangi su shaida bai tafi a banza ba. Shi kuwa kwali ɗaya ya shigo da shi, mai sheƙi, da hoton wata baƙar na'ura a jiki. Ya ce ta wasa ce, da tele, wato talabijin, ake haɗa ta, amma ba a buɗewa sai wayarta ta iso.

Hankalina bai kwanta ba. Na ɗaga kwalin, ban ji nauyin ƙarfe ba. Rubutun jikinsa boko ne, ni kuwa ajami na sani, sai na kira maƙwabcinmu, mushen lakwal, malamin makarantar boko, wanda yajin aiki ya zaunar a gida. Ya daɗe yana juya kwalin.

"Malam, wagga na'ura ba a taɓa saida ta ba," in ji shi. "An yi tallarta, masu ƙera ta sunka fasa. Kwalin nuni ne, irin na gaban kanti. To mi ke ciki?"

Lokacin ana tawaye a arewacin ƙasarmu, jandarmomi na zazzage kaya a hanya. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa: wasu su ce harsashi ne naɗe a tsumma, wasu su ce ƙwaya. Mai unguwa ya zo da kansa, ya ce a buɗe ko ya kira hukuma.

"Baba, ka rufa mini asiri," in ji ƙanena. "Kayana ne."

"Naka ne mana, ɗan nema, shi ya sa kai za ka buɗe!" in ji mai unguwa.

Ya buɗe. Tsofaffin rigunansa ne na dako, da takalmin roba. Ashe a juji ya tsinci kwalin can Abijan, don kada ya shigo gari hannu rabbana.

Innarmu ta kwashe rigunan ta jiƙa a kwano. Shi kuwa bai jira shuka ba, washegari ya hau motar garin Ƙwanni, ya sake barin gida. Mai unguwa, Allah ya jiƙan sa, har ya rasu yana cewa mun sauya abin da ke ciki kafin ya iso.