Babur Ɗin Ruwan Yayana

Shekarun baya, da ɗan dama yanzu, yayana ya aiko a kira ni daga gareji. Ban je ba sai da aka aiko sau uku. Ku da kuke karanta ni a nan kun san ba na ɓoye halina: ni da shi ba ma shiri. Ba faɗa muke yi ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Lokacin da babanmu ya ga ba zai iya riƙe yara biyu a sakandare ba, ni aka cire a aji biyu aka kai ni wurin mai gyaran babur a Kafanchan. Shi ya ci gaba, ya gama, ya samu aiki a Fatakwal. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Abin ya zauna mini a ƙirji sama da shekara talatin.

Daga Fatakwal ɗin ne ya dawo wata Kirsimeti da babur ɗin ruwa a bayan mota. Hawansa ake yi kamar mashin, amma ba shi da taya, a kan ruwa yake gudu. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa. Mu da ba mu da teku! Akwai wani tafki bayan ƙauyenmu ta wajen Kwoi, ramin da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin kakanninmu, can yake kai shi. Duk ƙauye suka tafi kallo. Ni na ce ina da aiki.

Bayan ya yi ritaya hawan jini ya buge shi, ɓarin hagu ya shanye. Aka tura babur ɗin cikin siton citta, ya yi shekara tara a can.

Da na je, na sami yayan nawa a kujera ƙarƙashin mangwaro. Maganarsa ta yi nauyi, amma ana ganewa.

"Oga makaniki, ka ga dama yau."

"Na zo, Yaya. Janareta ce ta lalace?"

"Babur ɗin ruwa. Ina so ka tashe shi."

Na yi dariya. Na ce, "Da wace ƙafa za ka hau?"

"Kai za ka tuƙa, ni ina baya. Likita ya ce ciwon yana iya dawowa kowane lokaci. Akwai maganar da nake so in yi da kai, kuma ba a gidan nan ba. A tsakiyar ruwa ba mai shigowa da sallama."

Matarsa tana tsince wake a gefe. Ta ce, "Ka ji shi ko, ƙaramin miji? Mutumin da ni nake sa masa takalmi, shi ne zai je yawon ruwa."

Na ce masa, "Ka faɗa yanzu mana, ga ni."

Ya ce, "A ruwa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayi ne ya sa na yarda ba. So nake in ji maganar. Shekara talatin ina jiran wani a gidanmu ya buɗe baki ya ce an cuce ni.

Da muka jawo babur ɗin waje, ɓeraye sun cinye kujerar, zanzaro ya yi gida a cikin salansa, wato bututun hayaƙi, ko'ina ƙurar citta tana sa atishawa. Na buɗe tanki, fetur ɗin ya zama ja kamar zuma, warinsa kamar fenti. Da na ɗaga murfi na ga injin, hankalina ya kwanta. Irin injin nan ne mai shan fetur gauraye da mai, ɗan'uwan ƙaramar janareta da tsofaffin baburan da na koyi aiki a kansu. Na ce wannan ai na gida ne.

Kuma na yi aiki, Allah shi ne shaida. Na cire fulogi, na zuba mai a cikin silinda na bar shi kwana uku ya jiƙa, sannan na riƙa juya shi da hannu kaɗan-kaɗan har ya saki. Na zubar da tsohon fetur, na wanke tanki. Na kwance kafireto biyun na wanke su ɗaya bayan ɗaya, ina busa ramukan da baki. Tiyon mai duk sun bushe, in ka lanƙwasa sai su karye kamar taliya, na canza su. Famfon da yake tura mai cikin injin ban amince da shi ba, sai na gauraya man da fetur da kaina. Na kawo sabon batir. Mako biyu ina rufe gareji da rana ina hawa mashin zuwa ƙauye.

Duk wannan yana zaune yana kallo. Rana ta ƙarshe ya ce, "Ƙanena, abu ɗaya. Injin nan ruwan tafki yake sha ya huce. In za ka tashe shi a tudu, ka ɗaga durom sama ka jona masa tiyo. In ba ruwa, ka ƙirga goma ka kashe."

Na ji shi sarai. Na kuma san gaskiya ya faɗa, don na duba injin da idona, ba fanka, ba lagireto, ba haƙarƙarin da iska take bi kamar na babur. Amma abin da ya shiga kunnena shi ne, mai digiri yana koya mini sana'ar da aka jefa ni cikinta saboda shi.

Na ce, "Yaya, kai biro ka sani. Ka bar mini ƙarfe."

Ranar Lahadi ce, an taso daga sujada, mutane suka biyo ta gidan da kayan coci a jikinsu. Na danna sau ɗaya, ya yi tari. Na danna na biyu, ya kama. Hayaƙi shuɗi ya cika tsakar gida, kaji suka watse, matan zumuntar coci suka ɗauki guɗa. Wani dattijo yana cewa, "Kai, yaron nan mayen inji ne!" Yaron da ya ba hamsin baya.

Na ƙirga goman a zuciyata. Na wuce. Na murɗa masa wuta, na sake murɗawa. Na ga yayana ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana cewa in kashe. Na kalle shi cikin ido na ƙara murɗawa. Ban san ko minti nawa ba ne. Warin roba ya fara tashi, sai injin ya yi wata ƙara kamar an shaƙe akuya, ya tsaya cak.

Yayana bai zage ni ba. Cewa ya yi, "A kai ni ɗaki."

Da na kwance, fistin ɗaya ya narke ya manne da silinda, robar salansa ta ƙone. Na zaga Kafanchan, na je Kaduna, na je Jos, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Wani abokina mai sayar da kayan babur ne ya aika hoto wurin mutanensa a Anacha, su kuma suka nema a Legas. Mako bakwai aka yi kafin kayan su iso.

A mako na biyar ciwon ya dawo. Ya kama ɓarin dama, ya tafi da bakin gaba ɗaya. Hannun da zai riƙe biro ma babu.

Na haɗa injin duk da haka. Wannan karon na ɗora durom a kan katanga, na ɗebo ruwa bokiti-bokiti daga rijiya na cika shi, na jona tiyo. Ya tashi lafiya, ruwa yana fita ta baya da ɗan ɗumi. Aikin da bai kai awa ɗaya ba.

Na ɗauka matarsa za ta hana in kai shi ruwa. Ta ce, "Tun da safe yake kallon ƙofa. Ka kai shi. In ka dawo ba shi, kai ma kada ka dawo."

Muka ɗora babur da yayana a motar ɗaukar citta. Fasto ya biyo mu ya yi addu'a a bakin tafki. Abokina ya tsaya da tif ɗin tayar babbar mota da igiya, ko da za mu nutse. Matarsa ta kwance gyalenta ta goya mini shi a baya kamar jariri, muka ɗaura jarka biyu marasa komai a gefenmu, don ni ban iya iyo ba. Wani Bafulatani da ya kawo shanu shan ruwa ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Baba, duniyar ce ta ishe ku?"

Na ja a hankali. Ban taɓa sanin ruwa yana ɗaga mutum haka ba. Na zaga sau biyu, sannan na kai tsakiya na kashe injin.

Na ce, "To Yaya, ga mu a ruwa."

Na ji yana kokawa da bakinsa a bayana. Numfashi yana fita, murya tana fita, kalma babu. Ya gwada, ya sake gwadawa, miyau yana jiƙa mini riga. Da ya gaji ya kwantar da goshi a tsakiyar bayana.

Sai ni na yi maganar. Na ce, "Na ji abin da ka ce a kan ruwan. Ba mantawa na yi ba. Da gangan na yi." Ya buga goshinsa a bayana sau biyu, a hankali. Muka zauna har fasto ya fara ɗaga mana hannu daga baki.

Wata uku bayan nan Ubangiji ya kira shi.

Mutane suna so su lallashe ni. Fasto ya ce tabbas gafara yake so ya nema. Matarsa ta ce wataƙila maganar gonar babanmu ce. Ni ban sani ba, kuma ba zan karɓi abin da ba a ba ni ba. Mai yiwuwa zagina zai yi a inda ba mai raba mu, kuma da ya yi daidai.

Ina cikin masu cewa an cuce su a rayuwa, kuma har gobe ban janye ba, an cuce ni. Amma wannan karon ba baba ba ne, ba makaranta ba ce, ba gwamnati ba ce. Mutumin yana da mako biyar na magana a bakinsa, ni na ƙone su don matan zumunta su yi mini guɗa.