Na Ga Kuskuren Surukina, Na Yi Shiru

A shekarun da nake son ba ku labari ni ɗan kasuwar citta ne, sabon magidanci, ina zaune a gidan haya a Unguwar Dosa da matata da jaririyarmu. Ba ni da shago. Abin da na dogara da shi wata tsohuwar jif ce mai shan gas, irin wadda tayoyinta huɗu duk ke ja. Da ita nake kutsawa ƙauyukan kudancin Kaduna inda ƙananan motoci ba sa ko gwadawa, in sayo citta in kawo gari. Mutane suna yabona da kunya, ni kuma ina jin daɗin yabon, har ina ƙara wa abin gishiri. Na rubuto ne saboda wannan kunyar tawa ta yi ɓarnar da har yau ban iya gyarawa ba, kuma ba motar nake nufi ba.

Surukina, mahaifin matata, tsohon bakanike ne a Abakpa. Garejinsa bai wuce rumfar kwano da benci a gindin mangwaro ba, amma duk mai injin gas a yankin ya san wurin, kuma yawancin kanikawan layin a hannunsa suka koyi aiki. A garejin na fara saninsa, tun ban san yana da 'ya ba. A lokacin mukan sha hira, yana kwance inji yana nuna mini abubuwa, yana tsokanata wai ina tuƙa mota kamar mai korar jaki. Ranar da aka ɗaura aurena da 'yarsa hirar ta mutu. Na koma cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa in gaishe shi kaina a ƙasa, kuma duk abin da ya faɗa amsata ɗaya ce: haka ne, Baba.

Daga baya yanar ido ta fara rage masa gani. Kowa ya lura, ba wanda ya furta a gabansa sai 'ya'yansa maza, waɗanda suka matsa masa ya ajiye sifana ya huta. Shi kuwa ya ce in ya zauna a gida me zai yi, gadin kaji? Masu motoci suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa rumfunan yaransa na da. Yakan zo da safe ya share wurin, ya jera kayan aiki, ya zauna har la'asar ba wanda ya tsaya. Abin da ya rage masa kawai shi ne sunan da ya yi, cewa aikinsa ba ya dawowa.

Ana cikin haka motata ta fara wata ƙara daga saman inji, ƙarfinta ya ragu, ga hayaƙi. Sakacina ne, na daɗe ina ɗaga canjin baƙin mai. Da aka buɗe murfi sai aka ga kamshaf ya cinye. Ga wanda bai sani ba, wani dogon ƙarfe ne mai tudu-tudu da ke kwance a saman inji, shi ke buɗe bawul yana rufewa a kan lokaci. Niyyata in lallaɓa in kai wa wani bakanike a Malali. Matata ta ce in Baba ya ji motar gidan 'yarsa ta tafi hannun wani, to mun tabbatar masa da abin da yayyenta ke faɗa ke nan. Na ga gaskiyarta, na kai masa.

Ban taɓa ganin farin ciki a fuskarsa kamar na ranar ba. Ya aike ni kasuwar Panteka na sayo na hannu, ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, ya ce wannan zai yi. Washegari kanikawan layin suka cika benci, wasu don girmamawa, wasu kuma, Allah Ya yafe mini in zato ne, don su ga ko tsoho zai iya.

Shi kamshaf idan ya kwanta a gurbinsa, wasu 'yan marafai na ƙarfe ake danne shi da su a ɗaure da noti. Kowane marfi da lambarsa da 'yar kibiya mai nuna gaba, kuma kowanne sai ya koma daidai inda aka cire shi. Baba ne da kansa ya koya mini haka a zamanin hirarmu, ya ce sun yi kama da juna amma ba wanda ke zama a gidan wani. To a ranar a daro ɗaya ya wanke su duka da kananzir, ya riƙa ɗaukowa yana lalube. Ina tsaye kusa da kafaɗarsa ina miƙa masa sifana. Da idona na ga na biyu ya tafi gurbin na huɗu, na huɗu ya zo na biyu, wani kuma kibiyarsa tana kallon baya.

Kafin ya ɗaure sai ya ɗan karkato wajena, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Komai ya zauna ko?"

Na dubi bencin, duk idanu suna kanmu. Na ji nauyin a ce suruki ya gyara wa surukinsa aiki a gaban yaransa. Na ce, "Ya zauna, Baba."

Da ya gama ɗauri ya juya ƙarfen ya ji ya cije fiye da yadda ya kamata. Ya sake juyo fuskarsa gare ni, na kawar da kai. Sai ya ce wataƙila don bai saba da gidan ba ne, zai saki. Mota ta tashi bugu ɗaya, aka yi ta sa masa albarka, shi kuma yana dariya yana cewa a je a gaya wa masu cewa ya tsufa. Na koma gida zuciyata ba daɗi. Na yi tunanin kai ta wani wuri a sake jerawa, amma kanikawan Kaduna duk sun san juna, maganar za ta riga ni isa Abakpa. Na ce Allah zai tsare, ko matata ban gaya wa ba.

Ba a jima ba, ina wajen Kawo, na ji wata ƙara kamar an jefa dutse a tukunya, mota ta mutu. Aka ja ta zuwa garejin. Baba ya tafi sallar azahar, yaransa na da suka ce bari su rage masa aiki, suka buɗe. Kamshaf ya kame ya karye, fistin ya daki bawul, saman injin ya tashi aiki. Ga marafai nan da lambobinsu, kowa na gani. Da ya dawo ya tarar da mutane sun yi cirko-cirko, ya shafa marafan da hannu, ya ce wani ya karanta masa lambobin a jere. Aka karanta. Ya ɗauki butarsa ya kama hanyar gida.

Motar na samo mata wani saman inji, ta ci gaba da zuwa ƙauye. Baba ne bai sake dawowa garejin ba. 'Ya'yansa suka kwashe kayan aikin, wani mai faci ya karɓi rumfar. Daga baya an yi masa aikin ido, yanzu yana gani sarai, amma ko zancen inji ba ya so a yi a gabansa.

Sai da na daɗe ina jan ƙafa kafin na je ni kaɗai, na durƙusa, na gaya masa na ga marafan tun kafin ya ɗaure. Ya ce ya sani, ai dalilin da ya sa ya tsayar da ni kusa da shi ke nan, idona ya so ya ara ba tare da kowa ya gane ba. Babu faɗa a muryarsa ko kaɗan da ya ƙara da cewa, "Da ɗana ne a wurin da ya raɗa mini. Ni ne na manta kai suruki ne."

Wannan maganar ta fi mini zafi a kan duk asarar motar. A da ina ɗauka shirun da na yi ladabi ne. Yanzu na san kaina na kare daga nauyin magana ɗaya, na bar dattijo ya kunyata a gaban duk wanda ya taɓa koya wa aiki. Da na sunkuya na raɗa masa, ko na ce bari in goge marafan in miƙo masa a jere, da ba wanda ya ji. Ina kira ga masu karatu, musamman matasa irina masu alfahari da kunya: idan babba ya yi ƙasa da murya ya tambaye ku abu, taimako yake nema, ku faɗa masa gaskiya a hankali, ko suruki ne. Har gobe ina zuwa gaishe da Baba, yana amsawa da fara'a, yana sa wa jikokinsa albarka. Amma tun daga ranar bai sake tambayata ko wani abu ya yi daidai ba.