Yaya Sale da injin firjin nama

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sale, kuma har yau in aka ɗauke wuta a unguwarmu Amriguébé shi nake fara tunawa. Ana kuwa ɗaukewa kullum, har na gaji da tunawar.

Gidanmu na mahauta ne. Shi kaɗai ya bar wuƙa ya bi boko, ya dawo daga waje da kwamfuta da wani aikin da ba mu gane kansa ba. An ba shi aikin rubuta manhajar da za ta riƙa kunna famfunan ruwa da yawa, kowanne da lokacinsa, wani na jiran wani. Ya rubuta, aka gwada, ta yi aiki. Sai ya ƙi miƙawa. Wai gwaji ba hujja ba ne. Ya haɗa wata manhajar da za ta bi duk yadda abubuwa za su iya cin karo, ta tabbatar babu inda famfo biyu za su tsaya jiran juna har abada.

Binciken yana son kwanaki wuta ba ta yanke ba, in ta yanke kuma a koma farko. Wutar da ake iya dogara da ita a gidanmu ta injin firjin Kawu Bala ce, shi kuwa Kawu da zarar nama ya ƙare yake kashe inji, haka ya saba. Yaya ne kaɗai ɗan mahauta da na taɓa gani yana fatan kasuwa ta yi sanyi.

"Kawu, a ƙara mini kwana ɗaya."

"Ɗana, nama kalas, ya ƙare. Iska zan sanyaya?"

Masu famfo suka gaji da jira, suka ba wani aikin. Yaya bai daina ba, har ciwo ya kwantar da shi.

Da yana nan, ban san me zai ce da mu ba. Komai namu yanzu "ai yana tafiya" ne, daga gini har magani. Ina jin tsaki kawai zai yi, dama ba mai yawan magana ba ne.

Bara wani tsohon ɗalibinsa ya tafi da manhajar binciken inda wuta ba ta yankewa, ya ɗora ta kan kwamfutar da ta fi ta Yaya sauri nesa ba kusa ba. Kafin la'asar ta gama. Ya bugo mini waya ya ce babu kuskure ko ɗaya.

Na yi godiya, na zauna bakin ƙofa, na rasa wanda zan gaya wa. Aikin Yaya daidai yake tun ranar farko, kuma ya koma ga Allah bai sani ba.