Taubashina Cikin Ragunan Layya

Sana'ata dabba ce. Na fara da riƙe wa wasu igiya a kasuwar Dakoro, na zama dillali, daga baya na tsaya da ƙafata, ina saye ina turawa Maradi da Yamai. Da babbar waya ta shigo ban yi gardama da ita ba. Na buɗe gurup na tara masu saye a ciki, ma'aikata da ƴan kasuwa da matan manya, yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. In rago ya shigo hannuna sai in ɗauke shi hoto ta gefe da ta baya, in buɗe bakinsa a ga haƙora, in tura. Mai so ya yi magana, in ɗora masa a mota. Yarda ce kaɗai ke riƙe da irin wannan ciniki, tunda ba a lalubar ƙirjin rago ta cikin waya.

Ina da taubashi a Bader Goula, ɗan Gwaggona, yayar mahaifina. Tun muna yara ban taɓa jin maganar kirki daga bakinsa ba, shi ma bai ji daga nawa ba, haka kuma ya kamata. In na shiga garinsu, tun daga nesa yake ɗaga murya ya ce a ɗaure awaki, kura ta iso. Ranar da aka yi wa matata aiki a asibiti, shi ya wuni tare da ni a bakin ƙofa, yana gaya mini ganin fuskata kullum ne ya kwantar da ita.

Ni da hannuna na sa shi cikin gurup, don yakan samo mini tumaki wurin makiyayan Tagriss. Bai yi lakwal ba, wato boko, saboda haka ba ya rubutu, sai bokal: ya danna waya ya yi magana, kowa ya saurara.

Ana gab da Layya na tura hoton wani balami fari, mai wuya kamar na ɗan maraƙi. Ba a jima ba bokal ɗinsa ya shigo.

"Jama'a, ku yi hattara da mutumin ga. Ragon ga na san shi, tsaran kakana ne. Haƙoran da kuka gani ma na aro ne. Shi kuwa mai sayarwa, in ya ba ku hannu ku duba yatsunku kafin ku tahi."

Na yi dariya na shiga harkokina. Kafin la'asar gurup ya rikice. Wata malamar makaranta a Yamai ta rubuta dogon Faransanci tana gode wa wannan bawan Allah mai ƙarfin hali. Wani ya tambaya, da gaske yake, yadda ake gane ragon da aka sa wa haƙoran aro. Wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ce shi ya daɗe da lura idona a hoto ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai kuma masu tare mini faɗa: wani saurayi ya ce hassada ce, a ba shi sunan garin mutumin, yana da aboki jandarma.

Dukansu sun san wasan taubasai, kowa yana da nasa a gida. Amma a gida ana ganin mai zagi yana washe baki, an kuma san uwar wa ta haifi wa. Na yi bayani, na ce ɗan Gwaggona ne. Tsohon ma'aikacin duwan ya ce to ai magana ta ƙare, tunda danginsa ma sun ba da shaida.

Sai na kira taubashina. Na ce, "Don Allah ka rage wasa cikin gurup, wurin neman abinci ne." Har yau ban ga laifi a maganar nan ba. Abin da ya kama shi ne na faɗe ta a tsanake, babu ko ashar ɗaya a ciki. Ya ce, "To, Alhaji." Tun da na sauke farali bai taɓa kirana da wannan suna ba.

Daga ranar, duk ragon da na tura sai bokal ya biyo shi: "Tubarkalla. Allah shi ƙara wa Alhaji girma. Ban taɓa ganin mai gaskiya irin Alhaji ba." Malama ta ce an rufe wa talaka baki. Na duwan ya ce tunkiya aka ba shi. Ni dai ciniki ya ɗan daidaita, na ɗauka an wuce wurin.

A wani suna da aka yi a Roumbou na gane ba a wuce ba. Ina sauka daga moto, babur ɗina, taubashina ya tashi daga cikin mutane, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni da hannu biyu. Har mai rabon goro ya tsaya yana kallo. Kafin a watse an ce gona muke rigima a kai, wasu suka ce asiri na yi masa. Bayan haka sukari da shayin da nakan aika wa Gwaggo suka dawo mini cikin ledarsu, tare da saƙo cewa tana nemana.

Na same ta a tsakar gida ƙarƙashin itacen bedi, ɗanta yana durƙushe gefe, kansa a ƙasa. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Ƙanena ya tahi," in ji ta. "Abin da ya rage mini nashi kai ne. Yau ɗana shina ganin girmanka kamar baƙo. In kun tashi daga nan a haka, kada ɗayanku shi kama makarata."

Gwaggo ba ta faɗin abin da ba ta nufi. Ta juya kan ɗanta.

"Zage shi."

"Inna, wa ni in zagi Alhaji?"

"Ka ce mishi mai kai kamar tulu."

"Kan Alhaji daidai yake, Inna."

Na ga abin zai lalace, sai na shiga da kaina. Na ce masa raggo, wanda gero ke tsiro a gonarsa don tausayi. Ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji." Na ce matarsa ta yi asara. Ya ce ita ma haka take cewa, Allah ya ƙara wa Alhaji basira. Na zazzage duk abin da na tara tun ƙuruciya, yana karɓa yana godiya. Gwaggo ta fara jawo mayafinta za ta shiga ɗaki.

A kasuwa, dabbar da ta kwanta ta ƙi tashi ba lallashinta ake yi ba, wutsiya ake murɗewa. Na fito da waya na ɗauke shi hoto ta gefe yadda yake durƙushe, na zagaya na ɗauka ta baya. Rezo, wato sabis na waya, ba ya ƙarfi a gidan sai jikin rumbu, can na je na ɗaga hannu na tura cikin gurup, na bi da bokal da irin muryar da nake tallan kaya:

"Ga wani ya shigo yanzu daga Bader Goula. Tsoho ne, ba zan ɓoye muku ba. Cinsa ya fi aikinsa, haƙora saura na gaba. Bai yi Layya ba, sai dai a ɗaure a ƙofar gida don tsoratar da yara. Mai so ya zo da igiyarsa."

Na san cinikina nake jefarwa, ga shi lokacin Layya ne. Na dawo na tsaya.

Wayarsa ta fara ƙara cikin aljihu. Ya daure, ya daure, sannan ya tashi ya nufi rumbu, ni da Gwaggo muka bi shi. Malama ta rubuta cewa mutum ba dabba ba ne, za ta kai maganar inda ya dace, ta fita daga gurup. Na duwan ya ce ai ya faɗa, wanda ya sa wa rago haƙora zai sayar da mutum. Saurayin nan mai aboki jandarma ya tambaya ko akwai ragi. Ina karanta masa, taubashina yana saurare. Sai ga bokal na wata Hajiya daga Maradi, mai sayen raguna da yawa kowace shekara. Muryarta a natse, kamar kullum in tana ciniki.

"Alhaji, na duba hoton. Wannan ai ya rame da yawa. Ko kyauta ne sai ka haɗa mini da buhun dusa. Ka turo na jiya dai."

Nan ya fashe.

"Ni na rame? Ni? Hajiya, ki bari in gaya miki wanda kike ciniki da shi!"

Ya danna waya ya miƙe tsaye, hannu ɗaya a sama saboda rezo, ya fara daga kaina ya gangaro. Ya ce hulata ma ba son ranta take zaune a kaina ba. Ya ce a Makka da aka tashi jifan Shaiɗan sai da aka ɓoye ni cikin tanti, don kada alhazai su yi kuskure. Ya ce jakin da ya taɓa kai ni kasuwa har yau ba ya haɗa ido da sauran jakuna. Kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Gwaggo tana tsaye da sandarta tana gyaɗa kai, da ya tsaya shan iska ta ce, "Ka manta ƙafafunshi."

Ya koma kan ƙafafuna.

Mutane da dama sun fita daga gurup ranar, wasu kuma suka turo ƴan'uwansu a sa su. Gwaggo ta sa aka dama fura, ta ce in mayar mata da sukarinta da shayinta kafin ranar kasuwa. Ina shirin tayar da moto ta aiko aka tsayar da ni. Ta fito riƙe da wayar jikarta, ta miƙo mini, ta ce in sa ta cikin abin nan, tana da magana a kanmu mu biyu, kuma tana so mutanen Yamai su ji.

Na sa ta.