Ɗakin Baba Mai Taya

Har yau idan hanya ta bi da ni ta Apo, unguwar makanikai a Abuja, nakan ɗaga gilashi in kau da kai. Ba warin baƙin mai ne yake damuna ba, ni da nake wuni cikin kashin kaji a gonata ta Bwari. Akwai wani mai gyaran bodin mota can cikin layin masu fenti da ba na son ganin ko inuwarsa. Na san yana nan, kuma an gaya mini har gobe yana nuna wa mutane hoton aikin da ya yi mini a wayarsa.

Kan karaban ne muka ɓata. Haka Babanmu yake kiransa. Ɗaki ne mai taya biyu, jikinsa alminiyam, cikinsa katako, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Baba direban tifa ne a wani kamfanin gina hanya tun Abuja tana daji, kuma da wannan ɗakin na kamfanin ya tsufa sai aka bar masa. A ciki ni da yayana muka yi wayo. Da aka tashi sansanin ma'aikata, Baba ya sa aka jawo shi Karshi inda ya gina gida, aka ajiye shi a baya, gindin mangwaro. Tayoyin suka lotse cikin ƙasa, kaji suka gaje shi.

Bayan rasuwar Inna gigin tsufa ya kama Baba. Gidan da ya gina da hannunsa ya daina gane shi. Sai ya tsaya a tsakar gida yana tambayar ina masu gidan, idan an yi sake ya fice, sai a bakin kasuwa a tsinto shi. Ni kuwa in na zo gaishe shi, "baiwar Allah" yake ce mini, ya tambaye ni daga wane gari. Amma da zarar ya hau matakalar karaban ɗin nan sai ya dawo. Hannunsa ya san inda sakatar kabad take, ya san yadda ake ɗan ɗaga tagar kafin a tura ta. Ya zauna a bencin da ake shimfiɗewa ya zama gado, ya dube ni, ya kira ni da sunana, har ya yi mini faɗan na rame. Duk faɗin duniya nan kaɗai ya rage inda ubana ya san ni.

Sai dai ɗakin ya ruɓe. Rufin yana yoyo, daɓen katakon ya yi laushi, ranar nan ƙafar Baba ta zurma har ƙwauri ya ji ciwo. Yaya, da yake shi ne a gidan tare da Baba, ya ce a sa kwaɗo ko a kira 'yan gwangwan su kwashe. Na ce sai dai in bayan raina. Zan gyara shi, in ɗauke Baba da ɗakinsa su koma wurina a Bwari.

"Ke dai ba kya rabo da neman suna," in ji Yaya. "Akurkin kaji za ki sa uban mutane a ciki?"

Na ce masa ai uban ya fi sanin akurkin a kan falon da aka shimfiɗa masa kafet. Bai ji daɗi ba, ni kuma ko a jikina.

Kafin a taɓa ɗakin sai da na fara da abin da zai ja shi. A-kori-kurata tsohuwa ce, abincin kaji take ɗauka, idan ta ga tudu sai ta kama tari. Wani bakanike a Apo ya sauke injin ya ɗora mata wani na hannu mai sauran ƙarfi, ya ƙara mata sifirin a baya, ya canza birki gaba ɗaya, aka yi mata waldar ƙugiyar ja a ƙasan bodi. Shi wannan ba ni da ƙorafi a kansa, abin da na ce shi ya yi. Laifinsa ɗaya, shi ya nuna mini rumfar maƙwabcinsa ya ce duk Apo babu mai hannunsa a aikin bodi.

Ranar da muka jawo karaban ɗin daga Karshi, da tayoyin aro, ta Orozo da Karu muka zagayo muna rarrafe, 'yan acaba suna yi mana dariya. Da muka shiga Apo oga mai bodi ya fito yana goge hannu. Gajere ne mai tumbi, da tabarau a goshi wanda ban taɓa ganin ya sauko da shi kan ido ba. Ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, yana girgiza kai kamar an kawo masa gawa.

Na shigar da shi ciki na nuna masa komai ɗaya bayan ɗaya. A toshe yoyo. A canza daɓe da katako irin na da. A sa sababbin tayoyi da wayar wuta. Bango, kabad, benci, taga, labulen ma, kada a taɓa. Na gaya masa dalili, ban ɓoye masa komai ba.

"Madam, ko fenti ba za a watsa masa ba?"

"Ko goge shi da ƙarfi ban yarda ba."

"To ai in ya fita daga rumfata a haka, mutanen layin nan cewa za su yi na mutu. A Apo aikinka shi ne allon tallanka. Mota ba ta shigowa wurina tsohuwa ta fita tsohuwa."

Na ce wannan za ta fita. Ya yi dariya ya ce an gama, madam. Ashe kunnen uwar shegu ya yi da ni.

Tun da aka ɗauke ɗakin, Baba ya rikice. Yakan je gindin mangwaron ya tsaya kan shatin da tayoyin suka bari, ya ƙi ci, ya ƙi zama. Na ɗauko shi na kawo Bwari, kuma daga nan ban ƙara samun sukunin fita ba, don ko banɗaki na shiga sai na tarar ya kama hanyar ƙofa. Kullum ina lallashinsa da cewa ɗakinsa yana zuwa. Sai waya nake yi wa oga. Aiki yana tafiya, madam. Na ce ya turo mini hoto, ya ce wayarsa ba ta ɗauka da kyau, wai gara in gani da idona. Wayar da yanzu take ɗaukar hoton talla.

Ranar da ya ce in zo, na bar Baba da maƙwabciyata na tafi. Motar Yaya na fara gani a bakin rumfar, alhali ban gaya masa ranar ba. An lulluɓe ɗakin da tamfol, masu fenti da masu walda na layin sun taru kamar za a ɗaura aure. Oga ya kama bakin tamfol ɗin ya fizge.

Fari ne fat, sai sheƙi yake, da jan layi a ƙugu. Duk lotsewar jikinsa an cike ta an shafe. Ƙananan tagogin nan an yanke su an faɗaɗa, an sa baƙin gilashi mai zugewa. Na buɗe ƙofar, ita ma ba ita ba ce. Ciki babu ko sili ɗaya na katakon da na sani. An manna farar roba a bango, an yi silin da ƙananan fitilu shuɗɗa, an shimfiɗa leda mai zanen tayil. Inda bencin Baba yake an kafa wata kujerar fata baƙa irin ta ofis. Har da madubi.

Mutanen suka yi ta tafi. Oga ya ce, "Madam, yi magana mana. Ko a Maitama aka ajiye shi ba mai raina shi."

Wallahi na yi maganar, amma ba ta fito da daɗi ba. Na tambaye shi da wane yare na yi masa bayani ranar nan. Na ce masa kurma ne shi ko iyayi ne ya yi masa katutu. Na ce na kawo masa ɗakin ubana ya mayar mini da shi shagon aski. Tafin ya tsaya, shi kuma ya dubi Yaya.

"Ni na ce ya yi," in ji Yaya, yana gyara hula. "Na biyo na ga abin da kika ce a yi, na ga abin kunya ne. Mutane su zo gaida Baba su same shi cikin ruɓaɓɓen katako, a ce 'ya'yansa suna Abuja? Bawan Allah ya nuna mini abin da zai iya, na ce ya yi, ni zan ɗauki nauyi."

"Yaya, da ka tashi shiga sharo ba shanu, ka tambaye ni?"

"Ubanki ne ke kaɗai?"

"A'a. Amma ni kaɗai nake zama da shi a ciki. Kai ko leƙawa ba ka yi, kana tsoron ƙuma."

Ya ce ba ni da kunya, na ce a gidanmu na koya. Mun faɗa wa juna maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, su biyun babu wanda ya ga ya yi laifi. Oga ma fushi ya yi, wai ya zuba basirarsa ko na gode bai samu ba.

Na ce to a fito mini da katakon, ko ɓallen kabad ne, zan sa kafinta ya mayar. Oga ya sosa ƙeya. Wai sun daɗe a jibge suna tare masa wuri, sai mai abincin bakin layi ta roƙa. Na taka har wurinta. Mata ce mai fara'a, ba ta san komai ba, ta ce ai busasshen katako ne mai kyau, ya ci wuta sosai. Sakatu da mariƙan tagogi kuwa an haɗa wa 'yan gwangwan tun tuni. Na tsaya ina kallon tukunyar shinkafarta, na rasa wa zan shaƙe.

Na ɗaura ɗakin a ƙugiyar na jawo shi Bwari, don ba ni da wani. A-kori-kurar ta ja shi lafiya lau, ko a hawan Dutse ba ta yi nishi ba. Duk hanya mutane suna juyowa suna kallo, wani ma a go-sulo ya leƙo ya tambaye ni ko na haya ne. Ni kuwa ina ta yi wa kaina ƙarya. Na ce wataƙila girman ɗakin zai gane, ko tsayin matakalar, ita ba a canza ta ba. Wataƙila in ya zauna a ciki wani abu zai motsa.

Da la'asar na ajiye shi a inuwar darbejiya, na buɗe ƙofar don warin fenti ya fita. Na sa wa Baba farar rigarsa, na riƙo hannunsa muka fito.

"Baba, ga karaban ɗinka an kawo."

Ya ɗaga kai da sauri, fuskarsa ta washe, har ya ja ni gaba. Sai ya gan shi. Ya tsaya cak. Ya dubi farin fentin, ya dubi baƙin gilashin, ya saki hannuna ya gyara wuyan rigarsa. Na taka matakalar zan shiga don ya biyo ni, sai ya cafko zanena ta baya, da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

"Baiwar Allah, sauko," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Wannan na manyan kamfani ne. Ba a shiga sai an kira mutum. Za ki ja a kore ni daga aiki, ga ni da yara ƙanana."

Na ce Baba naka ne, gyara shi aka yi. Na ce ga matakalar, duba. Ya girgiza kai yana murmushin nan da ake yi wa wanda bai san gari ba. Ya ja baya kaɗan, ya tsuguna a gefen tayar, ya ɗora hannuwa kan gwiwa yana fuskantar ƙofar. Na tambaye shi me yake yi, ya ce yana jiran ogan kamfani ya fito ne ya tambaye shi inda aka mayar da nasu ɗakin, don iyalinsa suna ciki.

Na zauna a ƙasa kusa da shi na yi kuka, shi kuma yana ba ni haƙuri, yana cewa manya ba sa daɗewa, yanzu za su fito. Sai da aka kira magariba na samu ya tashi.

Na gwada duk dabarar da na sani bayan nan. Na fitar da kujerar fatar na jefar, na sa kafinta ya ƙera benci da kabad yadda na iya tunawa, na nemo tsohon labule na rataya. Bai taɓa yarda ya taka matakalar ba balle ya gani. Yaya ya zo sau ɗaya, ya ga Baba a tsugune gefen taya, ya ce ai ciwon ne ya yi gaba, da ma haka zai ƙare. Ban ba shi ruwa ba, kuma tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma sai a gaban mutane.

Baba ya ƙara damina ɗaya a wurina. Yana ci, yana barci, yana gode mini da ladabi duk sanda na kawo masa abinci. Idan za mu wuce ta gaban ɗakin sai ya rage murya, ya ce ni ma in rage. Har Allah ya karɓi abinsa bai ƙara kiran sunana ba.