Orest da ranar Tessa a raga

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Orest Hnatiuk ya riga ya buɗe zauren ƙanƙara na garinmu. Zai kunna fitilu, ya wasa ƙarfen takalman zamiya kan ƙanƙara na yaran da iyayensu suka manta su wasa musu, ya dafa kofin nan nasa da babu mai iya sha sai shi. Shekara ashirin da shida ke nan yana koyar da hoki, wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, ga 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara sha uku, aikin sa kai. Bana zai ajiye usur. Ranar Asabar kuma za a ba da kyautar gwarzon koci ta shekara a yankinmu, bana ma babu sunansa.

Sau ɗaya ya kusa samu, shekara tara da suka wuce, da ƙungiyarmu ta kai wasan ƙarshe. Kowa ya san kocin da ya ɗauki kofi ake ba kyautar.

To Orest yana da ƙa'ida mai taurin kai irin nasa. Masu tsaron raga biyu ne, yau wannan, gobe waccan, ko da wa ake karawa. Brynn Friesen kamar bango take. Ɗayar kuwa 'yata ce, Tessa, wadda faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ke bi ta tsakanin ƙafafunta ba sallama. Tana jin tsakin iyaye duk ranar da ta shiga raga, har ta ce mana daga kakar nan ta bar hoki. Sai wasan ƙarshe ya faɗo a ranarta.

Ni, ubanta, ni na tare shi da safe yana wasa ƙarfen takalma.

"Orest, sa Brynn. Kada a ce 'yata ce ta kayar da gari."

Bai ko ɗago ba. "Lorne, ranar wa ce yau?"

"Ta Tessa, amma..."

"To me ya kawo ka? Shan kofi?"

"Haba Orest, kyautarka fa za ta tafi!"

"In na cire ta yau, na gaya mata duk sauran ranakun sadaka na ba ta. Je ka zauna. Kuma ka yi tafi, na lura hannuwanka sun yi nauyi."

An ci mu huɗu da uku. Kyauta ta tafi garin da ya doke mu, wasu iyaye suka yi wata guda ba sa gaishe shi. A mota ina neman abin da zan ce, sai Tessa ta riga ni.

"Baba, bugu talatin da ɗaya na tare. Yaushe za a buɗe rajistar baɗi?"

Yau shekarunta ashirin da ɗaya, kuma har yanzu tana raga.

Orest, kai ne ka yarda da 'yata ranar da ni ban yarda da ita ba. Ka rasa kyauta saboda ita, kuma a shekara tara ba ka taɓa gaya mata na zo ba. Na gode, kuma ina jin kunya. Ku matasan kociyoyi, idan ranar yarinya ta zo, ku bar mata ranarta, ko ubanta ne ya zo roƙo.

Tessa, yanzu kin sani. Ki yafe mini.