Kunnen Kawu Mamman

Maiyama, shida saura kwata

Bayan sallar asuba muka fito, ni da Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata. Wata biyu ke nan yayansa, Kawu Umaru, bai taka gidansa ba. A wani taron suna ya yi masa sallama sau uku a gaban surukai, Mamman bai amsa ba. Umaru ya ce girman kai ne, tunda a zaure ko raɗa aka yi yana ji. Mamman ya rantse bai ji ba. Na ce a kai kunnen a gwada.

Ƙaramar bas muka samu, cike da buhunan gero. Shinge ɗaya aka tsayar da mu, minti huɗu.

Jega, shida da rabi

A tasha muka karya da koko da ƙosai. 'Yan kamasho na kira, babura na kuka. Wani direba ya tsaya a gefen Kawu.

"Baba, Aliero za ka?"

Shiru. Ya maimaita. Sai da na taɓa shi ya juyo: "Mi yac ce?"

A cikin mota kuwa, kafin a tayar da inji, na yi magana ƙasa-ƙasa ya amsa. Nan ni ma na fara shakka.

Aliero, takwas da minti goma

Warin albasa ya tare mu tun kafin gari. Likitar kunne tana zuwa wani asibiti a nan sau ɗaya a mako; mu ne na biyar a layi. Gwajin farko na ƙananan sautuka ne a ɗaki shiru. Kawu ya ji kusan duka.

"To, Umaru ya ci shari'a," in ji shi.

"Dakata, Baba," in ji likitar.

Ta sa masa wani ɗan toshe mai waya a kunnen dama, ta ce kada ya motsa. Ta ce lafiyayyen kunne, idan sauti ya shige shi, yakan mayar da wata 'yar amsa, na'ura na iya kama ta. Shekarata goma sha ɗaya a gidan rediyo, abin da na sani shi ne sauti hanya ɗaya yake bi: baki, iska, kunne. Na ce, "Kunne ne ke yin ƙara?" Ta ce e.

Sai ta saki shuuu a kunnen hagu, tana kallon layin da ke nuna amsar kunnen dama a kwamfuta. Ta ce akwai jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa can cikin kunne. Idan hayaniya ta taso, su ke umartar kunnuwan biyu su rage ƙarfi, kuma ana jin hakan na taimakawa wajen tsamo magana. Ya kamata layin ya ɗan sauka. Na Kawu da ƙyar ya motsa.

"Kenan kurma nike?"

"A'a."

"Haukacewa ni yi?"

"A'a, Baba."

Na tambaya ko wannan ne ya hana shi jin sallamar. Ta ce mai yiwuwa ne, amma masana ba su gama sani ba; shekaru da ƙarar injin ban-ruwan gonarsa ma suna da hannu. Magani? A fuskance shi, a rage hayaniya, ya dawo bayan wata shida. Na rubuta duka, na karanta a mota, ban ƙara fahimta ba.

Maiyama, bayan la'asar

Mun tarar da Kawu Umaru a ƙofar gidansa cikin mutane. Na yi bayani yadda nake karanta labarai, dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe.

"Ɗan nan, kunne na magana, kai na ba kunne umarni, likita ba ta sani ba. Wanga shi ne kuka tahi nema?"

Ya daɗe yana kallon ƙanensa, wanda ke bin bakunanmu da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaga hannu.

"Ku yi muna shiru." Ya matso har gwiwarsu ta haɗu. "Mamman, kana ji na?"

"Ina ji, Yaya."

"To, gobe ina nan tahe. A yi tuwo da yawa."

Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da likitar da ba ta ji kunyar cewa ba ta sani ba.